Daga Takardar Likita Zuwa Hannun Majinyaci: Tambayoyi da Amsoshi Kan Aikin Famasi

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗaliban kwalejojin kimiyyar lafiya da sababbin ma'aikata suka fi yi idan aka tura su ɗakin magani. Lissafin da ke ciki misalai ne na koyo. Abin da za a bai wa wani majinyaci kuwa, takardarsa ce da famasis ɗin da ke kanka za su yanke shi.

Mene ne aikin teknishan a famasi, kuma ina iyakarsa?

Mutum uku ne jama'a ke haɗawa su kira su "mai magani". Akwai famasis, wanda ya yi digiri a jami'a kan harhaɗa magunguna. Akwai teknishan, wanda ya fito daga kwalejin kimiyyar lafiya, ya ci jarrabawar PCN, hukumar da ke kula da aikin famasi, aka yi masa rajista. Sai mai kemis, wanda lasisinsa ya taƙaita ga wasu magunguna da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba. A Najeriya dukansu suna ƙarƙashin PCN, wadda aka sabunta dokarta a 2022. Rajistar shi kansa maganin kuma aikin NAFDAC ne.

Teknishan yana karɓar takarda, ya ƙirga, ya auna, ya rubuta bayani a jikin leda, ya kula da sito, duk a ƙarƙashin kulawar famasis. Canza magani ko ƙara adadinsa ba hurumin teknishan ba ne. Sai dai kowa ya san halin da asibitocin karkara ke ciki, inda za ka tarar teknishan shi kaɗai ne a ɗakin, babu famasis sai a babban asibitin ƙaramar hukuma. Wannan kaɗaici ba ya faɗaɗa hurumin, nauyi kawai yake ƙarawa, domin babu ido na biyu da zai kama kuskuren.

An miƙo mini takarda ta taga. Me zan fara dubawa?

Mutumin, kafin maganin. Sunan da ke takardar na wanda ke tsaye ne, ko aiko shi aka yi? A layi ɗaya za ka iya samun Aisha Muhammad uku, don haka lambar kati ta fi suna tabbas. Kuma kada ka karanta sunan ka ce "ke ce?", domin wadda ta gaji da jira za ta amsa da "eh". Ka ce, "Hajiya, wane suna aka rubuta a katin?" ta faɗa da bakinta.

Daga nan shekaru, da nauyi idan yaro ne, da kwanan wata, da suna da sa hannun wanda ya rubuta. Takardar da aka rubuta wata uku da suka wuce don ciwon kunne ba ta yau ba ce. Sannan kowane magani sai ya zo da abu biyar: suna, ƙarfi, siffa, sau nawa a rana, kwana nawa. Idan ɗaya ya ɓace, takardar ba ta cika ba.

Akwai tambayoyi uku da takarda ba ta amsawa, sai ka yi su da baki. Shin akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa, wanda ya taɓa sa masa ƙaiƙayi, kumburi ko saɓar fata? Magungunan da ke da sulfa, irin su co-trimoxazole, da dangin penicillin su ne kan gaba a nan. Mace kuma, tana da juna biyu ko tana shayarwa? Ka sassauta murya idan za ka tambaya, kada duk layi ya ji. Sai na uku: akwai wani magani da yake sha yanzu, har da na gargajiya?

Me ake nufi da bd, tds, 5/7 da ire-irensu?

Yawancinsu gajerun kalmomin Latin ne da likitanci ya gada. od sau ɗaya a rana, bd sau biyu, tds sau uku, qds sau huɗu. mane da safe, nocte da dare. stat a sha yanzu, sau ɗaya tak. prn idan buƙata ta taso. po ta baki, pr ta dubura, pv ta gaban mace, im allurar tsoka, iv ta jijiya, sc ƙarƙashin fata. ac kafin abinci, pc bayan abinci.

Lambobin da ke kama da kason lissafi tsawon lokaci ne. Na ƙasa yana gaya maka ma'aunin: 7 kwanakin sati, 52 satittikan shekara, 12 watanni. Don haka 5/7 kwana 5, 2/52 sati 2, 1/12 wata 1. Wanda ya ɗauki 2/52 a matsayin kwana 2 ya sallami mutum da kashi ɗaya cikin bakwai na maganinsa.

Rubutun likita ba ya karantuwa, amma ina jin na gane. In ba da abin da nake zato?

A'a. "Ina jin" ba ya shiga ledar magani. Akwai sunayen da idan an ja su da sauri ba ka bambance su: chlorpromazine na taɓin hankali da chlorpropamide na ciwon suga, carbamazepine na farfaɗiya da carbimazole na cutar maƙoƙo, hydralazine na hawan jini da hydroxyzine na ƙaiƙayi. Ka bai wa wanda ba shi da ciwon suga chlorpropamide, sugansa zai iya faɗuwa har ya suma.

Ƙarfin da aka rubuta yana ba da haske. Carbamazepine yana zuwa a 200mg, carbimazole a 5mg, saboda haka "carb..." mai 200mg ya fi kama da na farko. Ciwon da ya kawo mutumin ma yana haskawa. Amma haske ne kawai da zai sa ka san tambayar da za ka yi. Nuna wa famasis, ko ka je wurin likitan: "Likita, barka da aiki. Na biyun nan ne nake so in tabbatar." Wani zai ɓata rai don ka katse shi, to ya ɓata. Matambayi ba ya ɓata. Abin da ya faɗa ka rubuta shi a gefen takardar da lokaci da sa hannunka.

Yaya ake lissafin adadin ƙwayoyin da za a zuba?

Ƙwaya nawa a sha ɗaya, sau nawa a rana, kwana nawa. Ka ninka su. Amoxicillin 500mg tds 5/7, kana da kafso mai 500mg: 1 × 3 × 5 = 15. Idan mai 250mg ya rage a sito, sha ɗaya ya zama kafso 2, jimla 30, kuma bayanin da ke jikin leda dole ya canza ya ce biyu-biyu. A nan ake yawan tuntuɓe: an gyara ƙirga, an manta da rubutu.

Wanda ake ragewa a hankali, mataki-mataki ake lissafa shi. Prednisolone mai 5mg: 30mg kullum kwana 5, sannan 20mg kwana 5, sannan 10mg kwana 5. Ƙwaya 6 × 5 = 30, sai 4 × 5 = 20, sai 2 × 5 = 10. Jimla 60. Ni a ganina gara a raba irin wannan a leda uku, a sa musu lamba 1, 2, 3, da a cusa 60 a leda ɗaya da dogon bayani da ba wanda zai karanta.

A kula da methotrexate. Ga masu ciwon gaɓoɓi sau ɗaya a sati ake shansa. An rasa rayuka a ƙasashe da dama saboda an rubuta masa "kullum" kamar sauran magunguna.

Giram, miligiram, maikirogiram: me ya sa ake ta nanata su?

Saboda tsakanin kowanne da na kusa da shi ninki 1,000 ne. Giram 1 miligiram 1,000 ne, miligiram 1 kuma maikirogiram 1,000. Lita 1 mililita 1,000. Digoxin 0.125mg da digoxin 125mcg (wato maikirogiram 125) abu ɗaya ne. Likita zai iya rubuta wancan, kwali ya zo da wannan. Kafin ka taɓa kalkuleta, mayar da na takarda da na kwali ma'auni ɗaya.

Ɗan ɗigon nan da ke raba lamba shi ma yana kisa. Idan aka rubuta .5mg, ɗigon ya ɓace a lanƙwasar takarda, ya koma 5mg. Idan aka rubuta 1.0mg, ya koma 10mg. Ƙa'idar ita ce a sa sifili a gaban ɗigo, 0.5mg, kada kuma a bar shi a baya, 1mg kawai.

Yaya zan fitar da adadin sirof na yaro?

Mataki biyu ne, kada ka haɗe su. Na farko, miligiram nawa yaron ke buƙata. Na biyu, mililita nawa ke ɗauke da wannan miligiram ɗin.

Ɗauki paracetamol, wanda ake ba yara 15mg ga kowane kilo a sha ɗaya. Yaro mai kilo 12: 12 × 15 = 180mg. Kwalbar ta ce 120mg a cikin 5ml. Raba 120 da 5, kowane mililita yana da 24mg. Raba 180 da 24, ka samu 7.5ml. Ba a wuce sau 4 a awa 24.

Yanzu ka ce sirof ɗin ya ƙare, abin da ke kanta shi ne na jarirai da ake ɗigawa, mai 100mg a kowane mililita. Wannan yaron 1.8ml zai sha. Idan uwar ta saba da 7.5ml ta auna haka daga wannan 'yar kwalbar, ta ba shi 750mg, fiye da ninki huɗu, kuma hanta ce ke biyan kuɗin. Shi ya sa ba a haddace mililita. Kullum sai an karanta ƙarfin da ke jikin kwalbar da ke hannu.

Wani tarkon shi ne bambancin "a sha ɗaya" da "a yini". Likita ya rubuta amoxicillin 40mg ga kowane kilo a yini, a raba uku, kwana 7, yaron kilo 15 ne. 15 × 40 = 600mg na yini gaba ɗaya. Raba uku, 200mg a sha ɗaya. Kwalba mai 250mg a 5ml tana da 50mg a kowane mililita, don haka 4ml. Wanda ya manta da rabawa zai ba da 12ml sau uku. Sannan ka lissafa kwalba: 4 × 3 × 7 = 84ml. Mai 100ml ta isa. Mai 60ml za ta ƙare a kwana na biyar, uwar kuma za ta ɗauka magani ya kammala.

Bayan kowane lissafi ka tsaya ka dubi amsar da idon hankali. Jariri da 25ml a sha ɗaya? Ƙwaya 12 a tashi guda? Da wuya. Kuma adadin yaro ba ya wuce na babba komai ƙibarsa: matashi mai kilo 70 lissafi zai ba shi 1,050mg na paracetamol, amma a giram 1 ake tsayawa, kuma babba ba ya wuce giram 4 a yini.

Uwa ta ce ba ta san nauyin yaron ba. In yi amfani da shekarunsa?

Sikeli ya fi. Ta hau da yaron, ta sauka ta hau ita kaɗai, ka cire. Minti ɗaya ne. A yankinmu da tamowa ta yi yawa, ɗan shekara uku zai iya zuwa da nauyin ɗan shekara ɗaya da rabi, jadawalin shekaru da ke jikin kwali kuma da yaro mai ƙoshi aka tsara shi.

Maganin zazzaɓin cizon sauro fa, me ya sa katinsa ke zuwa kala-kala?

Saboda da nauyi aka raba shi. Artemether-lumefantrine mai 20/120mg: daga kilo 5 zuwa ƙasa da 15, ƙwaya 1 a sha ɗaya, 15 zuwa ƙasa da 25, ƙwaya 2, 25 zuwa ƙasa da 35, ƙwaya 3, daga 35 zuwa sama, ƙwaya 4. Sha shida ne a kwana 3. Na biyu yana zuwa awa 8 bayan na farko, sauran safe da dare. Mai 80/480mg ƙwaya ɗayarsa daidai take da huɗun can, saboda haka babba ɗaya-ɗaya zai sha. Wanda ya saba da huɗu-huɗu sai ka ja masa kunne. A sha shi bayan abinci mai maiƙo ko da madara, domin lumefantrine ba ya shiga jini sosai a cikin da babu komai.

Allurar artesunate ta zazzaɓi mai tsanani lissafinta daban. Mai kilo 20 zuwa sama 2.4mg ga kowane kilo, wanda bai kai 20 ba 3mg. Kwalba mai 60mg ana narkar da ita da 1ml na sodium bicarbonate da ke cikin kwalin, a ƙara 5ml na ruwan gishiri idan ta jijiya ce, kowane mililita ya zama 10mg. Yaro mai kilo 10 yana buƙatar 30mg, wato 3ml. Babba mai kilo 50 yana buƙatar 120mg, kwalba biyu ke nan a kowace allura, kuma allura uku ne a awa 24 na farko. Ka lissafa kwalba shida tun a taga, kada dangi su dawo tsakar dare suna buga ƙofa.

Me ya sa magani ɗaya ke zuwa a ƙwaya, kafso, sirof, allura? Ba duk ɗaya ba ne?

Sinadarin ɗaya ne, hanyar da saurinsa ne suka bambanta. Allurar jijiya tana shiga jini nan take, shi ya sa ake ajiye ta ga wanda ya galabaita, ko yake amai, ko ba ya cikin hayyacinsa. Mutanenmu suna da imanin cewa allura ta fi ƙarfi, wani har raina ka zai yi idan ka sallame shi da ƙwaya. Ga mai iya haɗiya, ƙwaya tana yin aikin, ba ƙurji, ba haɗarin taɓa jijiyar ƙafa, ga sauƙin kuɗi.

A cikin ƙwayoyin ma akwai iri-iri. Wadda ake narkarwa a ɗan ruwa ko nonon uwa, kamar zinc da amoxicillin na yara. Wadda ake taunawa. Wadda ake sawa ƙarƙashin harshe. Sai biyu da ba a dakawa, ba a taunawa. Ta farko mai haruffa SR, XR, MR ko kalmar retard a bayan suna, kamar nifedipine da metformin na irin wannan ƙira: an yi ta ne ta riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan tsawon yini, idan aka daka ta sai na yini guda ya zubo a lokaci ɗaya. Ta biyu mai rufin da ba ya narkewa sai ta wuce tumbi, galibi da haruffa EC. Idan aka ce maka tsoho ba ya iya haɗiya ana daka masa a kunu, duba ko akwai irin waɗannan a cikin ledarsa, ka kai maganar gaban famasis.

Garin da ke cikin kwalba, wa zai zuba masa ruwa?

In da hali, kai. Bubbuga kwalbar garin ya saki, zuba ruwan da aka tafasa ya huce zuwa rabi, girgiza, jira kumfa ta kwanta, sannan ka cika zuwa layin da ke jikin kwalbar. Rubuta ranar da aka haɗa. Idan kwalba biyu ce, a haɗa ɗaya, ta biyu sai ta farko ta ƙare, kuma ka nuna wa uwar layin da yatsa. Akwai masu cika kwalba har wuya, akwai masu zuba ruwan zafi, akwai ma masu ɗibar garin da cokali su dama kamar koko.

Bayan an haɗa, kwanakinsa ƙidayayyu ne, galibi 7 zuwa 14 gwargwadon abin da kamfani ya rubuta. Amoxicillin mai haɗe da clavulanate firiji yake buƙata kuma ba ya wuce kwana 7. Gidan da babu firiji, a gaya wa likita tun da wuri ko zai zaɓi wani.

Cokalin gida ba ma'auni ba ne, wani ya ɗauki 3ml wani 7ml. Ba da murfin awo, ko sirinji marar allura da ka ja wa layi da biro daidai inda za a tsaya. Gishirin ORS kuma a karanta jikin ledar: akwai na lita 1, akwai na ƙasa da haka, kuma abin da ya kwana ya kai awa 24 zubarwa ake yi.

Me ake nufi da 0.9% ko 5% a jikin ledar ƙarin ruwa?

Giram nawa ne a cikin kowane 100ml. Ruwan gishiri 0.9% yana da giram 9 a lita. Dextrose 5%, wato ruwan suga, yana da giram 25 a leda mai 500ml. Gajeriyar hanya: ninka kason da 10, ka samu miligiram a kowane mililita. Lidocaine 2% shi ne 20mg a mililita. Adrenaline da aka rubuta 1:1000 kuma 1mg ne a mililita.

Saurin ɗigo aikin nas ne, amma yana fitowa a jarrabawa, kuma za a tambaye ka a ɗakin kwanciya. Ninka mililita da adadin ɗigon da igiyar ke bayarwa a mililita ɗaya, ka raba da mintuna. Leda mai 500ml a awa 4, igiya mai ɗigo 20: 500 × 20 = 10,000, raba da 240, kusan ɗigo 42 a minti. Lambar ɗigon tana jikin ledar igiyar. Ta yara ƙanana 60 ce.

Insulin ba a miligiram yake ba. Yaya ake yi da shi?

Da yunit ake auna shi. Akwai mai yunit 100 a mililita, akwai mai 40, kuma kowanne da sirinjinsa. Wanda ya ja mai 100 da sirinjin mai 40 ya yi wa kansa ninki biyu da rabi. Don haka kwalba da sirinji tare ake duba su, ko da majinyacin ya ce yana da saura a gida. Ka ce ya nuna maka. Idan likita ya gajarta yunit da harafin U, a yi hattara, 10U yana komawa 100 a idon mai sauri.

Na matsi, na dubura, na ido: akwai abin da ya kamata in faɗa?

Akwai, kuma kunya ce ke hana faɗarsa. Ƙwayar clotrimazole ta matsi tana kama da ta sha, kuma ana samun masu haɗiye ta. Faɗi a fili cikin ladabi cewa ba ta sha ba ce, a gaba ake sa ta lokacin kwanciya. In akwai ma'aikaciya mace a kusa, ta yi bayanin. Na dubura a ɓare ledar tukuna. Na ido kada bakin kwalbar ya taɓa ido, kada a yi karo-karo da shi a gida, kuma a yar da shi sati 4 bayan buɗewa. Na kunne ba ya shiga ido.

Majinyacin ba ya karatu. Yaya zan yi bayanin da zai zauna?

Layukan nan uku da ake ja a jikin leda, wani zai karanta su "sau uku", wani "guda uku". Dukansu suna da hujja. Saboda haka alama ba ta wadatarwa sai da baki, kuma agogon da kowa ya sani shi ne na salla. Sau uku yana nufin kusan kowane awa 8, ba safe, hantsi da azahar ba.

"Baba, wannan mai ja da rawaya guda ɗaya za ku sha bayan asuba, ɗaya bayan azahar, ɗaya in za ku kwanta. Ko kun ji sauƙi sai ya ƙare. To, Baba, ku maimaita mini in ji ko na faɗa daidai."

Jimlar ƙarshen nan ita ce aikin. Idan ka ce "kun gane?", amsar kullum "na gane" ce. Ka kuma ɗora laifin a kanka, "ko na faɗa daidai", don kada dattijo ya ji kamar jarrabawa ake masa. Idan ɗan aike ne, yaro ɗan shekara goma da leda biyar, rubuta komai, in ya yiwu ka kira wanda ya aiko shi.

Ka haɗa da abin da zai ba shi tsoro in bai sani ba: maganin ƙarin jini yana baƙanta bayan gida, rifampicin na tarin fuka yana mayar da fitsari ja-ja. Ciprofloxacin da doxycycline kuma ba a haɗa su lokaci ɗaya da nono, madara, maganin ƙarin jini ko na gyambon ciki mai alli. A ba da tazarar awanni. A garin da fura da nono ce abincin rana, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Da azumi fa?

Mai sau ɗaya ko sau biyu yawanci yana shiga sahur da buɗa-baki. Mai sau uku ko huɗu ba ya matsuwa tsakanin magariba da asuba, kuma ba kai za ka mayar da shi sau biyu ba. A koma wurin likita, wataƙila akwai makamancinsa mai dogon aiki. Masu ciwon suga da ke kan insulin ko glibenclamide su ne abin damuwa, domin sugansu na iya faɗuwa da rana. Su ga likita tun a Sha'aban. Rangwamen da addini ya yi wa marar lafiya sananne ne, tunatarwa cikin hikima ba laifi.

Kuɗinsa bai kai ba, ya ce a ba shi na kwana biyu. In ba shi?

Ya danganta da maganin. Na rage ciwo, babu damuwa. Na kashe ƙwayoyin cuta ko na zazzaɓin cizon sauro kuwa, rabi yana kwantar da ciwon ne ya dawo, kuma da haka ƙwayoyin cuta ke koyon jure magani. Kafin a kai ga yanka kwanaki, duba ko akwai na wani kamfani mai rajistar NAFDAC da sinadari ɗaya, ƙarfi ɗaya, siffa ɗaya, mai sauƙin kuɗi. Sau da yawa kuma takardar tana da magani biyar, biyu ne ginshiƙai, sauran bitamin ne. Famasis ko likita su nuna wanda za a fara saye.

Wani ya zo neman tramadol ko maganin barci babu takarda, ya ce ya saba saye.

Ba a bayarwa. Tun watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai codeine. Tramadol da aka amince da shi mai 50mg ne da 100mg. Mai 200mg da 225mg da ke yawo a tasha haramtaccen kaya ne da NDLEA ke kamawa. Morphine da pethidine suna cikin akwati mai makulli, da littafinsu na musamman da ake rubuta kowace kwalba, a hannun famasis. Takardar pentazocine ko diazepam da aka goge lamba aka gyara, ko wadda ke dawowa duk sati da sa hannu iri-iri, a tabbatar da ita wurin wanda aka ce ya rubuta. Ba sai ka yi faɗa ba. "Yi haƙuri, Malam, sai da sabuwar takarda" ta isa.

Zafin garinmu yana lalata magani?

Ƙwarai. Yawancin kwalaye sun ce a ajiye ƙasa da digiri 30, wasu 25, alhali a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai zafin Afrilu yana haura 40. Kada kwali ya zauna a ƙasa, ko jikin bangon da rana ke duka, ko daf da rufin kwano. Na dubura su ne ke fara narkewa.

Insulin, oxytocin da alluran rigakafi suna zama tsakanin digiri 2 da 8, a tsakiyar firiji, ba a ƙofa ba, ba kuma a wurin ƙanƙara ba. Insulin da ya daskare ya tashi daga aiki ko da ya narke. A sa ma'aunin zafi a ciki, a rubuta abin da ya nuna safe da yamma. Idan aka ɗauke wuta, a daina buɗe firijin, a rubuta lokacin da ta tafi da lokacin da ta dawo.

Wurin jera kaya, wanda zai riga lalacewa shi ne a gaba, ko da shi ya zo daga baya. Idan kwali ya ce EXP 06/2027, yana aiki har ƙarshen Yunin 2027. Amma ka haɗa da tsawon shan: maganin wata uku da saura wata ɗaya ya lalace bai dace da wannan takardar ba.

Na gano bayan mutum ya tafi cewa abin da na ba shi ba daidai ba ne. Me zan yi?

Gaya wa famasis ko shugaban sashe a take, kafin ka fara tunanin abin da za a ce da kai. A nemo lambar waya a kati, a kira, a ce ya dakata da shan maganin ya dawo da shi; in babu waya, a tura mutum unguwar. A tambaya ko ya riga ya sha, guda nawa, da ƙarfe nawa, a sanar da likitan da ya rubuta domin shi zai ce ko sai an duba shi. Sannan a rubuta abin da ya faru a littafin rahoto, a duba dalilin. Idan kwalaye biyu masu kama da juna ne ke maƙwabtaka a kanta, a raba su a ranar, a manna wa ɗaya jan tambari.